Kiɗan Nishaɗi da Rubutun Labari: Tambayoyin da Marubutanmu na Legas Suka Fi Yi

Maganar nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Duk sanda muka zauna da 'yan'uwa marubuta, ko a Agege bayan la'asar ɗin Lahadi, ko a zauren WhatsApp cikin dare, sai wani ya tono ta: wai da gaske ne kiɗa yana zubo wa mutum labari? Tambayoyin su ne dai suke ta dawowa, bakin mai tambaya ne kawai ke canzawa, shi ya sa na tattara su wuri guda. Amsoshin daga abin da na gwada ne a ɗakin hayar da janaretan maƙwabci ke gurnani a gindin tagarsa, da kuma abin da na karanta. Na sa musu lamba don a ji daɗin komawa.

1. Wane irin kiɗa ake magana a kai?

Kiɗa zalla, wanda babu muryar mawaƙi kuma babu 'yan amshi. Hausa ta raba abin tun asali, kiɗa daban, waƙa daban, ko da yake a wajenmu da wuya ka ga ɗaya ya fita bai riƙo hannun ɗan'uwansa ba. Shi kuwa na nishaɗi ba sai an yi masa dogon bayani ba: shi ne wanda za ka tsinci ƙafarka tana bugun ƙasa ba ka ba ta izini ba. Yawanci yana da ɗan sauri. Bugu 120 a minti ɗaya, wato biyu a kowace daƙiƙa, kusan takun mutumin da ya hango danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, a Oshodi yana so ya riga jama'a. Ni a nan nake tsayawa. Idan ya zarce haka sosai, rawa yake kira ba rubutu ba.

2. Yaya, ni da waƙa nake jin daɗin rubutu. Me ya sa kuke cewa a cire murya?

Saboda magana biyu ba sa shiga ƙofa ɗaya a lokaci guda. Sanda kike tsara jimla, a zuci kike faɗinta kafin yatsa ya taɓa waya. Idan mawaƙi yana zuba nasa baitin a kunnenki, su biyun za su yi ta ture juna. Tun a 1989 masu bincike biyu, Salamé da Baddeley, suka nuna cewa kiɗa mai murya ya fi kiɗa zalla dagula wa mutum riƙe jerin abubuwa a ka. Amma ko babu bincike, duk wadda ta taɓa taifin ɗin feji da waƙar nanaye a kunne ta san abin. Sai ki dawo karantawa ki tarar jarumarki, wadda kika ce 'yar boko ce mai ji da kai, tana magana da bakin mawaƙin soyayya.

Waƙar da ba ki jin yarenta, ta Indiya ko ta Mali, da ɗan sauƙi. Sai dai kunnen ɗan Adam mabiyin murya ne ko bai gane me ake cewa ba. Akwai kuma kiɗan da babu mawaƙi amma yana magana, ki duba amsa ta 5.

3. Da gaske kiɗan farin ciki yana buɗe basira, ko faɗa ce kawai?

Akwai ƙamshin gaskiya, sai dai an ƙara mata gishiri da yawa. Asalin surutun daga 1993 ne, lokacin da wasu masu bincike a Kalifoniya suka wallafa a mujallar Nature cewa ɗaliban jami'a da suka saurari kiɗan Mozart na minti goma sun fi ƙoƙari a gwajin hasashen siffofi. Tasirin bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba, kuma babu ruwansa da rubutun labari, amma duniya ta ɗauka har ana kunna wa jarirai. Binciken da ya biyo baya ya nuna babu wani asiri a jikin Mozart. Kiɗan ya wartsakar da mutane ne ya faranta musu, shi kuwa mai farin rai ya fi sakin jiki da aiki.

Wanda ya fi kusa da sana'armu shi ne na 2017, na Simone Ritter da Sam Ferguson. Sun raba mutum 155 gida-gida: wasu da kiɗa mai sanyi, wasu mai baƙin ciki, wasu mai tayar da hankali, wasu mai farin ciki, wasu kuma shiru. Waɗanda aka kunna wa na farin cikin, wani kiɗan goge ne na Vivaldi, sun fi 'yan shiru kawo dabaru iri-iri. Da aka zo gwajin da ke da amsa ɗaya tak kuwa, kiɗan bai tsinana komai ba. Sai kuma a 2019 wasu masu bincike daga Ingila da Suwidin suka ba mutane wasan haɗa kalmomi, suka tarar kiɗa, har da marar murya, ya rage musu ƙoƙari idan aka gwada da shiru.

Mai gaggawa zai ce sun saɓa wa juna. Ni ban ga saɓani ba. Lokacin da kake laluben abin da zai faru a labari, kana so tunani ya bazu kamar awakin da aka saki bayan girbi, kiɗa yana taimako. Lokacin da kake neman kalma ɗaya da ta dace da gurbinta, shiru ya fi. A kan wannan na ɗora amsa ta gaba.

4. To yaushe zan kunna, yaushe zan kashe?

Kunna kafin ka fara, da lokacin da kake tsara inda labarin zai nufa, da lokacin rubutun farko idan hannu yana gudu. Kashe idan ka zo hira mai nauyi tsakanin mutum biyu. Ranar gyara kuwa kada ma ka kusance shi, karanta wa kanka za ka yi a bayyane, don jimlar Hausa idan ta karye kunne ne ke kama ta kafin ido.

Akwai wata illa da ba a cika faɗa ba: kiɗa mai daɗi yana ara wa rubutu daɗin da ba nasa ba. Ka gama feji kana jin ka girgiza duniya, washegari ka karanta shi cikin shiru ka ga ashe lami ne. Mai karatunka a Idi-Araba ko a Funtuwa ba zai ji abin da ke kunnenka ba, baƙaƙen da ke kan waya kawai zai gani.

5. Kiɗanmu na gargajiya fa? Ai kalangu ba shi da murya.

Wa ya gaya maka? Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse shi a hammata yana sassautawa, sautin ya hau ya sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka, wanda ya tashi a cikin abin kuwa yana jin take da kirari sarai kamar da baki aka faɗa. Gangan da dundun na maƙwabtanmu Yarbawa ma haka suke, shi ya sa a wajen biki za ka ga dattijo ya yi murmushi ya zaro kuɗi alhali babu wanda ya buɗe baki. Saboda haka idan kunnenka ya san taken, kalangu a sahun waƙa yake, abin da aka faɗa a amsa ta 2 ya hau kansa.

Amma a nan ɗin ne arzikin yake. Kiɗan Bahaushe ba ya zuwa shi kaɗai, da mutanensa yake tafe. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe. Dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta manoma, garaya ta maharba da 'yan bori, kakaki da algaita da tambari na sarauta, shantu da ƙwarya na mata, sarewa ta makiyaya. Ka kunna kalangu ka rufe ido, ba ka san sanda za ka tsinci kanka a mayankar Oko-Oba da asuba ba, ga ƙarar wuƙa a kan magagari, ga wani yana ciniki da Yarbanci mai karin Sakkwatanci. Kiɗan Turawa ba zai ba ka wannan ba, don ba ka da gawa a maƙabartarsu. Ni har take nake yi wa kowane babban mutum a labarina, wato in ware masa kiɗa ɗaya, duk sanda zai fito in kunna na ɗan lokaci. Tafiyarsa da yadda yake yanke magana sai su daina kama da na sauran.

Idan abin da zai zauna a bayan fage kake nema, kayan tsirkiya sun fi sauƙin kai: gurmi, kukuma, molo, ko kuntigi, ɗan ƙaramin nan mai tsirkiya ɗaya da ake yi da gwangwanin kifi, wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya sanar da duniya. Matsalar ita ce kusan duk abin da aka naɗa da waƙa yake. Sai dai ka yanko share fagen da makaɗa ke yi kafin mawaƙi ya shigo, ko ka roƙi mai situdiyo ya ba ka kiɗan fiyano kafin a ɗora murya.

6. A aikace, ta yaya ake ciro labari daga kiɗa?

Zaɓi guntun da bai wuce minti uku ba, wanda ba ka sani ba sosai. Saurara sau ɗaya hannunka a aljihu. A karo na biyu ka amsa tambaya huɗu a takarda, kada ka tsaya zaɓe: wa ke tafiya da wannan takun? Ina za shi? Me ke hannunsa? Me zai katse shi? Ta ƙarshen ita ce labarin, kuma kiɗan da kansa zai nuna maka wurinta, don kowane kiɗa yana da inda yake juyawa, ko ganga ta yi shiru, ko wani sabon sauti ya faɗo.

Ga yadda ta kaya mini da wani guntun gurmi. Takun na ɗan dako ne a kasuwar Mile 12, gari bai gama wayewa ba, motar tumatir ta iso daga Arewa, shi kuma yana ta sauri da kwando a ka yana dariya shi kaɗai, don jiya aka sa ranar aurensa a gida. A inda gurmin ya sassauta, wayarsa ta yi ƙara a aljihu, hannunsa biyu suna riƙe da kwando, ba damar ɗauka. Ta katse, ta sake kira, ta sake. Daga nan na kashe kiɗan, don ya gama nasa aikin. Wa ke kira, me za a ce masa, wannan kuma ni ne zan zauna in yi gumi a kai.

7. Anti, labarina na kuka ne, kishiya da mutuwar aure. Kiɗan nishaɗi ba zai ɓata shi ba?

Ba lallai ba. Labarin da aka fara da kuka aka ƙare da kuka gajiyar da mai karatu yake yi, tun a feji na biyar hawayensa sun ƙafe. Sai an ga amarya tana rawa ranar kamu sannan sakinta yake zafi. Kiɗan nishaɗi shi ke taimaka miki ki rubuta waɗannan ranaku masu haske da zuciya ɗaya, ba a gurguje ba don kina ɗokin isa wurin masifa. Da yawa daga cikin littattafanmu na waya a nan suke tuntuɓe, farin cikin ciki na jeka-na-yi-ka ne.

Sannan akwai lafiyar ita kanta marubuciyar. Wadda ta yi sati uku tana zaune cikin baƙin cikin da ta ƙirƙira, yakan biyo ta har kicin. Minti biyar na kiɗa mai haske bayan rufe feji kamar wanke hannu ne bayan aiki. Shi wurin kukan kansa, a shiru za ki rubuta shi, kamar yadda aka ce a amsa ta 4.

8. A Legas ina aka ga shiru? Ga janareta, ga lasifika, ga hon.

Gaskiyarka. Yawancinmu ba kiɗa da shiru muke zaɓa a tsakani ba, kiɗa ne da hayaniyar wani. A irin wannan hali kiɗa katanga ce. Wani bincike na 2012 ya gano cewa hayaniya matsakaiciya, wajen desibel 70, kamar ta wurin shan shayi, ta fi shiru sosai taimaka wa ƙirƙira, amma da ta kai 85 sai ta koma cutarwa. Wanda tagarsa ke kallon babban titi ya san a wane ɓangare yake.

Sai dai kada garin gyaran gira a rasa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a desibel 80, kuma duk sanda aka ƙara ƙarfi lokacin raguwa yake yi ƙwarai. Mai ƙure iyafis, wato abin sauraro na kunne, don ya danne janareta kunnensa yake sayarwa. Gara mai robar da ke toshe kunne, a kunna shi ƙasa-ƙasa. A hanya kuwa, jirgin ƙasan da ke bi ta Agege zuwa Oyingbo, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, da motar BRT, sun fi danfo daɗin rubutu. A gosulo kada ka riƙe waya kusa da taga, kada kuma ka toshe kunne biyu kana tsallaka titi.

9. Wane kiɗa kuma zan gwada ban da namu?

Kora ta mutanen Mali da Gambiya, mai tsirkiya 21, tana zuba kamar ruwa kuma ba ta neman ka kalle ta. Balafon, mai jerin katakai da ake bugawa da sanda, ma haka. Hayilayif, wanda ya taso daga Gana ya yi tashe a Ikko a shekarun 1950 da 1960, jitarsa da ƙahonsa suna da fara'a, ya dace da labarin gari da 'yan kwalisa. Afrobit irin na Fela Kuti yana da dogon share fage kafin murya ta shigo, sai dai zafinsa ya fi dacewa da rigima da guje-guje. Na Turawa na da, irin su Vivaldi da aka ambata a amsa ta 3, suna da kyau ga wanda kunnensa ya karɓa. Wanda bai karɓa ba kada ya takura kansa don a ce ya waye.

Zaman Legas yana da wannan ribar: za ka iya zuwa ka ga makaɗa ido da ido. Akwai cibiyar kiɗa ta MUSON a Onikan, akwai Freedom Park a titin Broad, tsohon kurkukun Turawan mulki da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010. Kallon hannun makaɗi sau ɗaya zai ba ka abin rubutawa fiye da sauraron wata guda.

10. Data fa?

Sauti mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabait 58 a awa ɗaya. Bidiyo ya ninka haka sau da yawa, don haka barin YouTube a buɗe don sauti kawai asara ce. Sauke abin da kake so a Audiomack ko Boomplay sanda ka samu data mai araha, ka sa wayar a yanayin jirgi. Riba biyu ke nan: babu talla, babu saƙon "Anti ina fejin yau?"

11. In riƙa maimaita kiɗa ɗaya ko in riƙa canzawa?

Sabo don farauta, tsoho don aiki. Idan labari kake nema irin na amsa ta 6, wanda ba ka taɓa ji ba ya fi, don zai ba ka mamaki. Idan zaman rubutu za ka yi na awa biyu, ka maimaita wanda ka haddace har ya zama kamar ƙarar fanka. Bayan 'yan kwanaki, da ka kunna shi jikinka zai gane lokacin aiki ya yi. Kada dai ka ɓata rabin daren kana zaɓen kiɗa ka kira shi shiri.

12. Malam, ni zuciyata ba ta natsu da kiɗa ba ta fuskar addini. Na rasa ke nan?

Ba ka rasa komai ba. Sananne ne cewa mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, suka togace bandiri a wajen biki, wasu kuma irin su Ibn Hazm na Andalus sun tafi a kan halasci. Wannan shafi ba na fatawa ba ne, malaminka za ka tambaya, kuma kada wani marubuci ya raina ka don ka tsaya inda zuciyarka ta natsu. Abin da ake nema a wajen kiɗan shi ne wartsakewa da wani sauti mai ɗorewa da zai rufe hayaniya. Ƙarar ruwan sama a kan kwano, wadda Legas ba ta rowarta, ko igiyar ruwan teku, ko kukan tsuntsaye, duk ana samun su a naɗe. Tafiyar minti goma da sauri bayan sallar asuba ma tana yin aikin. Masu saurare kuwa, an san ladabin: da an fara kiran salla a kashe.

13. Ina karanta labarina a YouTube. Zan iya sa kiɗan a ƙarƙashin muryata?

Ciro labari daga kiɗa ba laifi ba ne a doka, don babu mai mallakar tunanin da ya zo maka. Ɗora kiɗan wani a kan naka aikin kuwa wata magana ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare aikin kiɗa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, shi kuma sautin da aka naɗa shekara 50 daga fitowarsa. Abu biyu ne ke nan. Vivaldi ya rasu tun 1741, kiɗansa ya zama na kowa, amma ƙungiyar da ta kaɗa shi ta naɗa a shekarun baya-bayan nan tana da haƙƙin nata naɗin. YouTube yana da na'urar da ke gane sauti, za ta iya toshe bidiyon ko ta karkatar da kuɗin tallan zuwa ga mai kiɗan, kina ji kina gani.

Mafita ita ce ɗakin kiɗan kyauta da YouTube ɗin ya tanada wa masu tasha, ko ki biya makaɗi ya yi miki naki, ku rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce. Rubuta "ba ni da haƙƙin wannan kiɗa" a ƙasan bidiyo ba ya wanke kowa.

14. Idan kiɗan ya shigo cikin labarin kansa, yaya zan rubuta shi a ji?

Kada ki ce "kiɗa mai daɗi yana tashi", wannan kowa ya rubuta. Ki fara da sunan abin: ƙwarya ce aka kifa a ruwa, ko kalangu ne, ko lasifikar mai DJ ce da ke shaƙewa duk sanda janareta ya yi tari? Kowanne da irin gidan da ake jinsa, kamar yadda aka jero a amsa ta 5. Sannan ki bar kiɗan, ki kalli jikin mutane. Hausa tana da kalmomin motsi da sauti da za su ɗauke miki rabin aikin: rangaji, rausaya, cashewa, girgiza, tsam, cak, ɗif.

Misali, bikin suna a wani gidan haya a Obalende, tsakar gidan ba ta fi tabarma huɗu ba. An kifa ƙwarya, an fara. Goggo da ta ce ƙafarta na ciwo tun daga Kano ta miƙe tsam, ta ɗaure gyale a ƙugu. Matar mai gida, Bayarbiya, ta leƙo daga bene da niyyar faɗa, sai ga kafaɗarta tana amsawa. Maijego na ɗaki tana jijjiga jariri daidai da bugun ba ta sani ba. Can sai aka yi sallama a ƙofa da muryar da ba a gayyata ba, mai kiɗa ta ɗaga hannu, gidan ya yi ɗif, ba ka jin komai sai ruwan da ke kaɗawa a ƙarƙashin ƙwarya.